Gaisuwar da Ta Sa Ya Fanna Kuka

Shekarar da aka turo maigidana, mushen lakwal, wato malamin makaranta, daga Tawa zuwa Diffa, mun kama haya a gidan wata dattijuwar Babarbariya mai suna Ya Fanna. Matar kirki ce, amma bakinta ba ya hutawa, musamman idan A'i mai nono ta iso.

A'i Bafulatana ce, rugarsu tana can wajen Geskeru. Duk ranar kasuwa, tun daga ƙofar gida za ka ji muryarta: "Ina baiwata? Fito ki sauke wa uwargijiyarki kaya."

Ya Fanna ta amsa daga madafa: "'Yar daji, yau ma ruwan kogin Komadugu kika kawo mana da sunan nono?"

Wasan Fulani da Barebari ba baƙona ba ne, amma ban taɓa ganin waɗanda suka mai da shi sana'a kamar waɗannan biyu ba. Sai sun zagi juna tas, har kakanni, sannan su zauna kan tabarma ɗaya su dama fura. Tun suna amare suke haka.

Wata shekara damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare da wuri. Shanu suka gangaro neman ruwa, suka tarar an shuka tattasai har kan burtali, suka bi ta ciki. Aka yi kaca-kaca tsakanin manoma da makiyaya. Maina, ɗan Ya Fanna, ya dawo da sara a kafaɗa. Washegari samarin manoma suka cinna wa ruga wuta, bukkar A'i na cikin waɗanda suka ƙone. Kafin jandarma su iso, mai aukuwa ta auku.

Daga nan unguwa ta canza baki. Matan da jiya suke rububin nonon A'i suka koma cewa Bafulatani ba shi da amana, wai tun asali haka suke. Abin ya ba ni haushi, don na san wasunsu ko gonar ba su taɓa takawa ba. Ya Fanna dai jinyar ɗanta kawai take yi.

Sai da aka kwashe tattasai A'i ta sake leƙowa. Ta tsaya a ƙofa, ta yi sallama a hankali.

"Ina kwana, Hajiya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malama A'i. Ya iyali?"

Suka gaisa cikin ladabi, ta auna nono, ta tafi. Ni kuwa na ce alhamdulillahi, an rabu lafiya. Da na leƙa ɗaki sai na tarar Ya Fanna tana share hawaye da gefen mayafi.

"Basira, kin ji ta? Hajiya ta ce mini. Ta mai da ni bare."

A ranar na gane abin da ke cinta. Tsoro take ji. Bayan jini da wuta, idan ta ce wa A'i baiwa, wa ya sani ko za ta ɗauke shi wasa? Ita ma A'i, ina jin tsoron da ya rufe mata baki ke nan. Haka suka yi ta gaisuwar mutunci mako bayan mako, abin gwanin tausayi.

Wata ranar kasuwa Ya Fanna ta tsura wa kayan A'i ido. A robar fenti take kawo nono yanzu, don ƙorenta duk sun ƙone. Ya Fanna ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da babbar ƙwarya mai zane, wadda ta gada wurin mahaifiyarta. Maina yana zaune a inuwa da kafaɗarsa a ɗaure, maƙwabta biyu suna kallo.

"Ungo," ta ce. "Baiwata ba za ta riƙa yawo da roba tana kunyata ni a gari ba."

A'i ta dubi ƙwaryar, ta dubi Maina, ta karɓa, ta kai hanci ta shinshina.

"Warin bandar kifi take yi," ta ce. "Wa zai sha nono a ƙwaryar Barebari?"

Ta rungume ƙwaryar a ƙirji, ba ta sake ta ba har aka gama dama fura.