Bik ɗin Mushe Jibo

"Da wanne kika rubuta?" in ji Mushe Jibo daga kan tabarma, muryar da ƙyar take fita.

Saukar Zulfa ke nan daga motar Maraɗi. Ko jaka ba ta ajiye ba, matarsa Inna Kubra ta leƙo ta katanga ta ce tsohon yana ta cigiyarta.

"Da naka, Baba," ta ce.

Ƙarya ce tsagwaronta. Shekara talatin Mushe Jibo (Mushe ake kiran malamin boko a nan) ya yi yana koyarwa a ƙauyukan Mayahi, kuma tun da ya bar aiki ba shi da hira sai ta bakin alƙalami. Ana jibi Zulfa za ta tafi jarrabawar ɗaukar malamai, ya kira ta ya ba ta bik shuɗi mai matsakaicin baki, irin mai jiki garau ɗin nan da ake hangen tawadar ciki. Ya ce mai siririn baki na wasiƙa ne, takardar jarrabawa huda ta yake yi. Mai tawadar ruwa kuwa, zufa na taɓa shi ya dame. Ta yi godiya, ta jefa shi ƙasan jaka, ta kwaikwayi muryarsa a gaban ƙawayenta suka sha dariya. Ta sayi siriri mai tawadar ruwa, ɗan gayu. Ranar farko zufa ta karyo mata, gefen hannunta ya shafe rabin shafi. Jakar kuma tana can bakin ƙofar ɗakin jarrabawa, sai aro ta yi.

"Bai tsaya miki ba ko?"

"Bai tsaya ba, Baba."

"Madalla," ya ce, ya lumshe ido yana murmushi. Kunya ta hana ta ɗaga kai.

Kullum sai ta ce gobe za ta faɗa masa gaskiya. Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Mata suka cika tsakar gida, kowacce ta zauna sai Inna Kubra ta faɗa mata: "Da bik ɗinshi yarinyar nan ta yi jarrabawa. Kwana ukun nan ba shi da zance sai shi." Zulfa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Can aka ce a rubuta sanarwar rasuwa a kai gidan rediyo, don dangi na ƙauye su ji.

"Ɗiyata, ɗauko nashi ki rubuta da shi," in ji Inna Kubra. "Zai so haka."

Zulfa ta je ta ɗauko. Tsohuwar ta karɓa don ta shafa shi, sai ta tsaya. Shekara arba'in tana zare alƙaluma daga aljihun mijinta kafin wanki, ta san yadda jarrabawar kwana biyu take cin tawada. Wannan cike yake fal.

Ta miƙa mata, ta kife faifai bisa gwiwar Zulfa, ta shimfiɗa takardar da tafin hannu.

Bik ɗin ya ƙi kamawa. Sai da Zulfa ta yi ta goga shi a gefen takardar, sannan shuɗin ya fito.