Ragowar da Dakta Bai Faɗa Ba

"Sake faɗa," in ji Dakta Sagiru, da rabin bakin da shanyewar jiki ta bar masa.

Malam Jalo ya gyara zama a zauren. Maƙwabta suke tun da Dakta ya bar koyarwa a jami'a ya dawo Kabo. Jalo bai gama firamare ba, amma duk unguwar shi kaɗai ke sauraron Dakta. Ya sake karanto abin da Dakta ya koya masa:

"A cibiyar ƙwayar zarra akwai 'yan gida biyu, furoton da niyutiron. Abin da ya ɗaure su kamar igiya yake, ba ruwansa da akuya ko tunkiya. In an musanya yawansu, ya kamata gidan ya zauna yadda yake. Amma ba ya zama, don ɗaya na ɗauke da lantarki."

"In an cire na lantarkin?"

"Akwai ragowa, 'yar mitsitsiya."

"Ita na bi har na tsufa. Yanzu na hango mafitarta. Gobe in faɗa maka, ka kai wa ɗalibina Muhsin."

Gwaggo, matar Dakta, ta shigo da kunu. "Ku dai! Mutum ko ludayi ba ya iya riƙewa, ana ta auna abin da ba a gani."

"Gwaggo, ke ma da su aka yi ki," in ji Jalo.

"To a cire min na gwiwa."

Washegari harshen Dakta ya tafi gaba ɗaya. Dakta ya kamo hannun Jalo, ya yi ta zana masa wani abu a tafi da yatsa: zagaye, layi, wani zagayen. Idonsa na tambaya. Jalo ya gyaɗa kai, don ba shi da zuciyar girgizawa. Ranar Laraba bayan la'asar Dakta ya cika.

Muhsin ya zo ta'aziyya daga Zariya. Bayan an shafa addu'a, Jalo ya ja shi gefe ya karanto masa haddarsa tsaf.

"Baba, wannan duk yana cikin littafi. Bai ce komai bayan nan ba?"

Jalo ya kama tafin Muhsin ya fara zanawa, sai yatsan ya tsaya. Layin ne farko, ko zagayen? Ya goge, ya sake.

"Allah Ya ji ƙansa, Baba," in ji Muhsin, yana zare hannunsa a hankali. Mota na jiransa.

Jalo ya koma tabarma ya zauna, tafinsa buɗe bisa gwiwa. Mai rabon sadaka ya zo wucewa, ya saka masa dabino a ciki.