Ta Ƙarshe a Aji

Tun Barira na shekara tara ake kiranta Darniya, wato ta ƙarshe a aji, a garinsu Guna, kuma sunan ya bi ta har gidan miji a Zango. Ta zauna gaban allo, ta zauna baya, duk ɗaya: haruffan malaminsu Mushe Safiyanu sai su yi inuwa, su hau kan juna. Ta sha bulala har ta gode Allah. Kakarta ta yi ta ɗura mata tozali a banza. Daga ƙarshe mahaifinta ya ce gonar gyaɗa ta fi lakwal, wato makaranta, buƙatarta.

Yanzu ga ɗiyarta Raudatu ta fara: ƙanƙance ido, karkata wuya, ciwon kai kullum aka taso.

"Kan uwarta ta ɗauko," in ji Suma'ila, mijin Barira, ko kunya babu. "In shekara ta ƙare ta zauna gida, ta taya ki tuyar ƙuliƙuli."

Maganar ta yi wa Barira ciwo, don ita ma ta yarda da ita. Maƙwabciyarta Indo ce ta matsa mata, ta ce a gwada likitan ido kafin a yanke wa yarinya hukunci. Ran Talata suka hau kabu-kabu.

Likitan ya yi ta sauya wa Raudatu gilasai, sai ga yarinya tana zuba haruffa kamar ta haddace.

"Lafiyar kanta lau," ya ce. "Gaban idon ne bai yi zagaye sosai ba, ya ɗan yi siffar ƙwai, shi ya sa abu ke rarrabuwa, na kusa da na nesa. Astigmatisme muke ce masa. Mutane da yawa na da shi, tabarau kawai yake so. Yakan bi jini ma. Malama, zauna nan mu gani."

Ta zauna don kada ta yi masa musu. Ya ɗora mata ƙarfen gwajin tabarau a ido, ya zura gilashi, ya juya shi kaɗan.

Haruffan bangon suka tsaya cak, kowane a wurinsa, baƙi wuluk, babu inuwa. Ashe haka sauran yara suke gani. Ashe abin da ya raba ta da Zakiyya, abokiyar zamanta a aji da ke aikin ungozoma yanzu, bai wuce wannan ɗan gilashin ba. Shekara talatin tana amsa sunan daƙiƙiya, kuma Mushe Safiyanu da mahaifinta duk sun rasu, babu wanda za ta je ta gaya wa.

"Karanta mini layin sama," in ji likitan.

Raudatu ta ɗan taɓa ta. "Inna, babba ne fa."

Barira ta daɗe tana kallon bangon.

"Ina ganinsu sarai, likita," ta ce. "Ban san su ba ne."