Wayar Mai Haƙa Rijiya

Ranar Laraba ce da hantsi, ana yayyafi, 'yar maƙwabcinmu mai haƙa rijiya ta zo teburina na gyaran waya, ta dire wayar babanta a kan tarkacen caja.

"Ta ƙi buɗewa. Kai ka kulle ta, sai ka taso."

Ni na kulle ta kuwa. Shekara biyu da suka wuce Baba ya kawo mini ita sabuwa in saita masa. Shekara hamsin yana jan igiya, zanen yatsunsa duk ya shafe, wayar ba ta gane ko ɗaya ba sai ƙaramin na hagu. Da ta nemi lambar sirri, na buga wasu shida da suka faɗo mini a rai, abokaina suna jirana a kan babur. Ban rubuta ba. Da irin wannan saurin na bar makaranta.

Tun daga lokacin, kullum da yamma Baba kan zauna a dakali yana yi wa wayar magana: inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin unguwa, gaba nawa za a haƙa, inda dutse yake, inda ƙasa ke ruftawa da mutum. Bai iya rubutu ba. Ya ce na baya su ji.

Na bi 'yar tasa zuwa gidansu. Yana kwance a gadon ƙarfe, kwana tara rabonsa da abinci. Igiyarsa na naɗe a jikin ƙusa, gajeriyar digarsa a bayan ƙofa.

"Sarkin gaggawa, an iso?"

"An iso, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya gama aikinsa. Wannan ce ta yi mini yaji."

Na kama ƙaramin yatsansa na ɗora. Shiru. Ashe wayar ta sabunta manhajarta da kanta, ta mutu ta taso, yanzu lamba kawai take so. Na gwada ranar haihuwata. Na gwada lambar babur ɗin abokina. A gwaji na takwas ta rubuta cewa saura biyu ta goge komai.

"Yaya, wallahi na manta," na ce.

Ta buɗe baki za ta wanke ni, Baba ya ɗaga hannu.

"Ƙyale shi. Kai, taka tana ji?"

"Tana ji, Baba."

"To kunna."

Ya rufe ido, ya fara daga bakin titi. Gidan mai wanki, gaba bakwai, jar ƙasa, ruwan da ɗan gishiri. Gidan direba, kada a haƙa ta gabas, akwai tsohon rami da aka cike kafin a haifi direban. Bai yi gargada ba, kamar mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa da fitila. An haife ni a layin nan, na taka shi sau dubu, ban taɓa sanin a kan me nake tafiya ba.

A gida na huɗu ya tsaya. Ya sauko da hannunsa daga gado, ya shimfiɗa tafin a kan siminti.

"Kun ji?"

"Ruwan sama ne, Baba," in ji 'yarsa.

"Ba na sama ba. Na ƙasa. Ya taso."

Na durƙusa na kafa kunne kusa da hannunsa. Sanyi kawai na ji. Shi kuwa murmushi yake, kamar wanda ya ji sallamar tsohon aboki.

Bai ƙara magana ba. Kafin la'asar ya cika.

Kwana uku wayar na aljihuna. A na huɗu na farka da wata lamba a kaina, na tabbata ita ce. Ba ita ba ce. Na juya biyun ƙarshe, na sake bugawa. Fuskar wayar ta yi fari, ta yi mini maraba kamar sabuwa.

Da na gaya wa 'yarsa, ba ta zage ni ba. Ta ce in zauna mu ƙidaya, don ita ta san abin da ke ciki.

Murya ɗari biyu da goma sha huɗu. Hoton mahaifiyarta guda ɗaya. Rijiya tamanin da uku, ban da huɗun da ya samu faɗa mini.