Ruwan da Ya Haska Tonton Lusiyan

Masunta a tsibirinmu na Salum suna cewa Tonton Lusiyan, wato Kawu Lusiyan, mutumin kirki ne, in dai ba ka ba shi igiyar kwalekwale ya ɗaure ba. Latir mai shago yana cewa bai taɓa ganin wanda ake tambayarsa mutan gida yana duban agogo ba sai shi. Mata kuwa cewa suke Bature ne mai sakin hannu: in ya taka maka ƙafa ba zai ce komai ba, amma gobe za ka tarar da kwalin shayi a ƙofar gidanka.

Daga Beljiyam ya zo bayan ya yi ritaya. Ya sayar da gidansa na can, ya gina ɗaki da baranda a filin Inna Nyilan, shugabar matan da ke ciro kawa, 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo da ake cin namanta, a kan amana kawai. Ni maƙwabcinsa ne. Da yamma yakan zauna inda nake ɗinkin komar kamun kifi, yana ta zuba, ni kuwa ina ji.

Da damina ta faɗi, mata sukan rufe rafin bayan gari, inda teku ke turo ruwa ta tsakanin itatuwa, don kawa ta huta ta yi ƙiba a jikin saiwoyi. Su kafa sanda, su ɗaura jan ƙyalle. Daga ranar ba kwalekwale, ba ƙafa, sai sun kwance. Wanda ya karya dokar, hukuncinsa ɗaya ne: ya zo ƙarƙashin kukar da mata ke taro, ya ba da haƙuri da bakinsa kowa na ji. Ba a karɓar aike.

A lokacin ne kuma ruwan rafin ke kama wuta. In babu farin wata, ka tsoma hannu sai ya ɗauki shuɗin haske har gwiwar hannu. Mu masunta ba ma murna da shi, don kifi na hango koma tun daga nesa. Tonton kuwa cewa yake don ruwan nan ya baro ƙasarsu.

Wani dare ya lallaɓa, ya tuɓe kaf, ya rataye kayansa a kan sandar jan ƙyallen, ya faɗa ruwa. Ya dogara da duhu. Bai san mata na laɓe a kwalekwale cikin itatuwa ba, suna dakon ɓarayin kawa daga ƙauyen ƙetare.

Mosan, ƙanwar Inna Nyilan, ita ta ba ni labari da safe.

"Wali, da farko mun ce ayu ne. Sai ayun ya juya rigingine ya kama waƙa da Faransanci."

Ba su yi masa magana ba. Inna Nyilan ta miƙa hannu ta kwashe kayan, suka zame abinsu. Da ya fito bai ga wando ba, sai ya kwance jan ƙyallen ya yi ɗaurin gindi da shi, ya bi bayan gidaje. Da yake mutum ne mai tsabta, ya wanke shi da sabulu, ya shanya a barandarsa da ke kallon hanyar kasuwa.

Kafin hantsi Mosan ta kai masa kayansa a ninke, ta sauke ƙyallen daga igiya.

"Tonton, Inna ta ce ka san inda kuka take."

"Kawa ɗaya ban taɓa ba!" in ji shi. "Iyo na yi. Teku ta wani ce?"

"Teku ta Allah ce. Ƙyalle namu ne."

Ya ƙi zuwa. Daga ranar mata suka daina ganinsa. Ya yi gaisuwa, su duba bayansa kamar iska ce ta wuce. A kasuwa, kifin da ke gabansa a faranti sai a ce an riga an saya. Mai yi masa wanki ta ce hannunta na ciwo, ga ta kuwa tana daka.

Sai ya koma hanyar da ya sani. Ya ɗora mini buhun shinkafa na kai ƙarƙashin kuka. Inna Nyilan ta sa aka raba.

"Allah ya yi maka albarka, Wali. Shinkafar nan ta iya magana?"

Bayan haka rigunan da ke hana nutsewa ya aiko, kowace mace ɗaya. Suka saka, suka yi rawa da su har ƙura ta tashi. Da suka gama Inna Nyilan ta kira ni gefe.

"Gaya wa maƙwabcinka, in muka kwance ƙyalle ban ji muryarsa a nan ba, ya ɗauki ɗakinsa a ka. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta kakata ce."

Na isar masa da saƙon. Na san ba shi da inda zai koma.

"Wali," ya ce can, "yaya ma aka yi suka gane ni? Ai duhu ne."

"Duhu ne, Tonton. Kai ne fitilar."

"Ina nufin... kai kawai suka gani, ko?"

Na ci gaba da ɗinkina.

"Wali!"

"Mosan ta ce a tambaye ka, tabon da ke ƙasan cibiyarka, aiki aka yi maka?"

Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Bai sake fitowa ba sai jajibirin buɗe rafi.

Ranar da la'asar, ana zafin da ko kare ya nemi inuwa, sai ga shi cikin baƙar kwat, da laktaye, da safa, maɓalli har maƙogwaro. Ya tsaya gaban mata, gumi na bin gemunsa.

"Wane ne wannan?" in ji Mosan. "Yaya, kin san shi?"

"Ban shaida shi ba," Inna Nyilan ta ce. "Wanda muka gani ya fi wannan haske."

Wata tsohuwa ta faɗo daga kan turmi don dariya. Tonton ya motsa baki.

"Baba Bature, ɗaga murya!" aka ce daga baya. "A ruwa ai har ƙetare ana jin ka."

Ya cire hula, ya riƙe ta a ƙirji da hannu biyu, ya dubi Inna Nyilan.

"Iyayena mata," ya ce da yarenmu, yana ɗaga kowace kalma kamar tulu cike, "na shiga ruwan da kuka rufe. Na kwance ƙyallenku. Na aiko shinkafa ta yi mini magana. Ban kyauta ba. Don Allah ku yafe mini."