Mai Riƙe Fiffike

…kuma ba wannan ruwan ne zai hana ni ba. Yayyafi ne kawai. Hadarin gaske yana can kudu, baƙi ƙirin, bai taso ba tukuna. Kafin ya ƙaraso na hau sama, na yi alkafurata, na sauko. Na san hannuna.

Mariama matata, da ma kina nan. Ke da kike cewa wane mai hankali ne zai shiga jirgin da ba inji, a ja shi da igiya kamar akuya. To ga ni a ciki, an ɗaure ni tamau, murfin gilashi a kaina. Gasar kulob ce ta shekara, ni ne na ƙarshe a layi. Alƙalai suna can a takure ƙarƙashin laima.

Ɗaliban da suka yi alkawarin zuwa taimako? Rediyo ya ambaci guguwa, shi ke nan, ko ƙeyarsu ba a gani ba. Tsoho Liyang, shugaban kulob, tun safe yake zagaye yana yarfa hannu yana faɗi da yarensu — meyo, meyo, wato babu mutane. Shi da kansa ke kan injin jan igiya, matarsa ke ɗaga tuta. Doka kuwa tana nan: wanda ba shi da mai riƙe masa fiffike ba ya tashi. Taya ɗaya gare shi jirgin, sai wani ya tallafi bakin fiffiken, ya ɗan ruga da shi, ya saki.

Shago-shago na bi jiya a kasuwar Tianxiu, wurin 'yan'uwanmu baƙi, ina neman mai riƙe mini. Tankari wai yana lodin kwantena. Mutanen Gana har da riƙe ciki don dariya, wai Kyaftin Maidaji zai je sama ba fetur. Abokina Kallamu kaɗai ya ce zai rufe shagonsa ya biyo ni. Bai ma tambayi inda za mu ba.

Ga shi can a dama, ya naɗe ƙafar wando, leda a ka. Na koya masa, ai ba wuya. Da 'yan yatsu kawai, gudu kaɗan, in ya fizge ka ƙyale shi. Ya ce to.

To… amma dubi riƙon. Hannu biyu. Wa ya ce masa hannu biyu?

Ba komai. Iska daga gaba take, yadda nake so. Hanci ƙasa, a tara gudu, a jawo sandar tuƙi — gonakin shinkafa su koma bisa kaina, sannan juyi hagu… A Zariya malaminmu na tuƙin jirgi yakan ce hannuna sanyi gare shi. Da Baba bai rasu a shekarar ba, da shago bai faɗo kaina ba… bar wannan. Yau ake magana. Baɗi babu fili, Tsoho Liyang ya ce masana'anta za a gina a nan. Yau ɗin dai.

Na tuna ranar nan a Titin Guangyuan. Babur ya zo ta baya, na bayan ya fizge jakar da na ba Kallamu ya riƙe mini. Suka ja shi a kan kwalta, gwiwa, kafaɗa, riga ta yage, jama'a na ihu — har ɓarayin suka gaji suka bar masa. Ya tashi jina-jina yana murmushi, ya ce, "Maidaji, ni abin da aka ba ni riƙo ba na saki." Dariya na yi a ranar. Har na ba ki labari a waya, kika ce Allah ya bar mu tare.

In ya ƙi saki, fiffiken zai tsaya, hanci ya karkata, jirgin ya juyo… kan wa? Kan Kallamu.

A'a, zai saki. Babba ne, ya girme ni, ba yaro na ɗauko ba. Na faɗa masa. Na faɗa, ko? A mota na faɗa, yana kallon ruwa ta taga.

Tuta ta ɗaga. Igiya tana miƙewa cikin ciyawa tana tsiyayar ruwa. Ƙulun rawaya na sakin igiya yana nan a hagu. In na ja shi igiya ta kuɓuce, kowa ya koma gida lafiya, ni kuma tawa ta ƙare. Ba a ba da layi na biyu.

Kallamu ya sunkuyo yana kallona ta gilashi, yana gyaɗa kai. Ba na jin muryarsa, bakinsa nake gani: kada ka damu, na riƙe.

Gari cike da 'yan'uwa, shi kaɗai ya biyo ni cikin ruwa. Me ya sa shi kaɗai? Ai… ai halin nan ne ya kawo shi. Kuma shi na ce wa ya sake ni.

Mun motsa. Yana gudu. Hannuna yana kan ƙulun, Mariama, kuma har yanzu yana gudu…