Tambari a Ƙarƙashin Tsatsa

Rakan ya karɓe injin yankan ƙarfe daga hannun Abu Firas ya danna. Shiru. Ya bi wayar da ido, ya ga an zare ta daga bango.

"Wa ya cire?"

"Ni," in ji Abu Firas. Bakanike ne mutumin Sham, shekara talatin yana gyaran mota a layin garejin Buraida da ke ƙasar Saudiyya, kuma ba a taɓa ganin yana sauri ba. "Sha shayinka. Yayanka na hanya."

"Wa ya kira shi?"

"Ni dai."

A-kori-kurar tana ɗage a kan jak huɗu, an sauke bodin baya, ƙarafunanta a fili. Ƙirar Amurka ce, ta shekarar saba'in da takwas, ta mahaifinsu marigayi. Wata bakwai Rakan yana kanta. An cire sifirin an kafa jakunkunan iska na roba a gurbinsu, an ɗaure tanki da kwamfaresa. Gaba ya kammala: kana danna maɓalli sai ta furzar da iska ta durƙusa kamar raƙumi. Baya ne ya ƙi. Saura yatsa huɗu ta taɓa ƙasa sai casis, wato ƙashin bayan motar, ya doki ƙarfen tayoyin baya ya tsaya. Magani ɗaya ne, a yanke casis ɗin a daidai wurin, a yi masa waldar wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar gada. Saura kwana tara bikin tsofaffin motoci, kuma a rukunin da ya shiga, motar da ba ta kwanta ƙasa ba alƙalai ko tsayawa ba sa yi a kanta.

Abu Firas ya haska masa tocila a gefen hagu, inda za a yanka. Cikin tsatsa, an sassaƙa zobe da layi biyu da cizal.

"Wasam ne," ya ce. "Irin tambarin da kuke yi wa raƙuma a cinya. Ni baƙo ne, ɗana. Ba na yanka tambarin kowa a garin nan sai babban gida ya ce a yanka."

"Motata ce. Sunana ne a takarda."

"Takarda taka ce. Garejin nawa ne."

Rakan ya harba bokitin kusoshi, suka watse a ƙasa. Abu Firas ya ci gaba da kurɓar shayi.

Ana cikin haka yayansa Mutlak ya iso. Farar rigarsa ko ɗigon datti babu, ƙanshin turaren wuta na binsa. Ya gaisa da Abu Firas, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya waiwayo.

"Injiniya. Ka fente motar Yuba, mahaifinmu, launin alewa, na yi shiru. Ka sa mata balan-balan tana tusa a titi, na yi shiru. Yanzu kuma wuƙa ka ɗauko?"

Rakan ya kira shi da laƙabinsa. "Sannu da zuwa, Abu Nayif. Ka gane hanyar gareji ashe."

"Ka gyara bakinka."

"Shekara shida tana bayan gona, kyanwoyi na haihuwa a kujerarta. Ranar rabon gado ka ɗauki gonar dabino, ka ce mini, ɗauki gwangwanin nan tunda kana son wasa. Ko ba haka ka ce ba?"

"Ban san akwai wasam a jikinta ba." Mutlak ya ɗaga hannu ya nuna zoben azurfarsa, mai zanen zobe da layi biyu. Irinsa ne a gilashin motarsa da ƙofar gidansa, shi da bai taɓa tatsar taguwa ba. "Raƙuma bakwai Yuba ya sayar ya saye ta. Duk majalisar da ya zauna sai ya faɗa. Da hannunsa ya buga mata tambarinmu, kai kuma za ka jefa shi cikin tarkace don samari su tafa maka."

Rakan ya san labarin raƙuman nan bakwai, har sunayensu. Saboda labarin ya ƙi sayar da motar, saboda shi yake kwana da baƙin mai a farce. Amma ba Mutlak zai faɗa wa wannan ba.

Ya fizgi buroshin ƙarfe ya durƙusa.

"Bari in goge maka shi tas. Ka ɗauki hoto ka manna a falo, sannan ka ba ni wuri."

Ya yi ta gurza da ƙarfi, jar ƙura na zuba a kan gwiwarsa. Zoben ya fito. Layukan suka fito. A ƙarƙashinsu wani abu ya biyo baya, ɗan ƙugiya mai kama da kan sanda.

Ya tsaya.

"Ƙarzuwa ce," in ji Mutlak. "Dutse ne ya doka."

Abu Firas ya shafa da babban yatsa. "Dutse ba ya riƙe cizal. Hannu ɗaya ne ya yi duka."

"Namu ba shi da ƙugiya."

Rakan ya ciro waya ya kira mahaifiyarsu ta bidiyo. Ta daɗe kafin ta ɗauka, ta ƙara daɗewa tana neman tabarau.

"Yumma, dubi wannan. A jikin motar Yuba ne."

Ya kanga wayar a ƙarfen. Ta ƙura wa zanen ido. Can ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Yana nan ashe. Na gidanmu ne. Ku zobe da layi biyu, mu muka ƙara ƙugiya don a bambanta dabbobin 'yan'uwa."

"Me ya kawo shi nan?" Mutlak ya tambaya.

"Kai ma kana wurin? To ji. Raƙuman nawa ne, mahaifina ya ba ni. Babanku ya roƙa na ba shi. Ranar da aka kawo motar mahaifina ya shiga ƙarƙashinta da cizal, ya ce in mutum zai hau dukiyar 'yarsa, to ya hau a kan tambarinsu."

"Yuba cewa ya yi nasa ne."

"Ya ce. Shekara arba'in ina jin sa ta bayan labule."

Rakan ya juyo da wayar. "Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ranar da kuka raba ta ina kicin ina dafa muku gahawa."

"Yanzu ina tambaya. Wurin nan za a yanka."

"Ku yi yadda kuka ga dama, Rakan. Kun saba. Shinkafata na kan wuta."

Ta kashe.

Mutlak ya gyara jan mayafin kansa sau biyu. Ya leƙa ƙofar gareji, ya dawo, ya sassauta murya.

"Abu Firas, yanke shi. Ka haɗa da tarkacen da za a narka. Abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan."

"Babban gida ya yi magana," in ji Abu Firas. Ya jona wayar a bango ya miƙa wa Rakan injin.

Rakan ya riƙe shi. Aikin minti goma ne. Kafin la'asar za a yi walda, gobe ta kwanta ƙasa shame-shame, yadda ya yi wata bakwai yana ganin ta a ransa. Ya dubi ƙugiyar. Mai bugun ya yi ta a kwance cikin yashi, ga alama, don ta ɗan karkace, amma ta fi sauran zurfi. Ya tuna mahaifinsa a majalisa yana lissafa sunayen raƙuma, baƙi na gyaɗa kai, ga tiren gahawa ana turowa ta ƙarƙashin labule. Shi ne ma mai ɗaukowa.

Ya ajiye injin a kan benci.

"Ba za a yanka ba."

"Ɗazu kai ke harbin bokiti," in ji Mutlak.

"Ɗazu kai ke nuna zobe."

"Ba za ta kwanta ba fa," Abu Firas ya ce. "Alƙalai za su wuce ka kamar ba su gan ka ba."

"Su wuce. A goge wurin ya yi ƙyalli, a shafa masa man da ba ya rufe ƙarfe. Ka kafa masa fitila. Ka kuma nemo mini madubi irin wanda ake jinginawa a ƙarƙashin mota ranar biki."

Mutlak ya matso har hancinsu ya kusa haɗuwa. "Mutumin da ke kabari za ka kunyata a gaban duk lardin Kasim?"

Rakan bai ja baya ba. Mutlak ya jira. Daga baya ya tattara rigarsa ya tsallake kusoshin da ke ƙasa ya fita, ko sallama babu.

Abu Firas ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Madubin, wane girma?"

"Wanda tsohuwa za ta gani ba sai ta sunkuya ba."